Tambaya da Amsa: Furen Hypericum da Ciwon Damuwa, Ina Gaskiyar Take?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan karo yawancinsu sun karkata ne ga tsiro guda, wanda masana tsirrai ke kira Hypericum perforatum, wanda kuma ake rubuta sunansa St John's wort a jikin kwalaben da ake tallatawa ta intanet. Mun zaɓi shida daga cikin wasiƙun, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su domin akwai batun rashin lafiya a ciki. Don sauƙin karatu za mu riƙa kiran tsiron haifarikum.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina yawan ganin tallan wasu ƙwayoyi a Facebook da ake cewa daga wani furen daji mai launin rawaya ake haɗa su. Wane irin tsiro ne wannan, a ina yake fitowa, kuma ta yaya ake gane shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Haifarikum tsiro ne na daji mai daɗewa, wato ba ya mutuwa bayan shekara guda. Samansa kan bushe idan sanyi ya shigo, amma saiwarsa tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, kuma da lokacinsa ya yi sai ta sake tofo. Asalinsa daga Turai yake da yammacin Asiya da arewacin Afirka, sai dai ya bi mutane ya bazu zuwa Amurka ta Arewa da ta Kudu, da Ostareliya, da Niyu Zilan, da Afirka ta Kudu. Ya fi son fili mai samun rana sosai, irin makiyaya da gefen hanya da gonar da aka daina nomawa. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ne ya tabbatar masa da sunan kimiyya a 1753, kuma dangin da ya fito daga ciki yana da nau'i kusan 500, abin da ya sa ake yawan rikita shi da 'yan'uwansa.

Tsawonsa kan kama daga santimita 30 zuwa kusan mita guda. Karansa yana da layi biyu masu ɗan tudu da za ka ji idan ka murza shi tsakanin yatsu, ganyayensa kuwa ƙanana ne, suna fitowa bibbiyu suna fuskantar juna. Alamar da ta fi kowace tabbatar da shi ita ce idan ka ɗaga ganyen ka duba shi ta hasken rana, za ka ga ɗige-ɗige masu haske kamar an huhhuda shi, alhali ba huji ba ne, 'yan jakunkunan mai ne a cikin ganyen. Furen rawaya ne mai haske, yana da kunnuwa biyar masu baƙaƙen ɗigo a gefe, da zare-zare masu yawa a tsakiya. Idan ka murje furen da bai buɗe ba, zai bar maka ja a yatsa. Wannan jan shi ne sinadarin haifarisin, ɗaya daga cikin sinadarai biyu da suka fi ɗaukar hankalin masu bincike. Ɗayan shi ne haifaforin, wanda ba shi da launi amma yana aiki sosai a jikin mutum, kuma za mu yi ta cin karo da shi a amsoshin da ke tafe. A Turai furen kan buɗe ne wajen ƙarshen watan Yuni, kuma saman tsiron mai ɗauke da fure shi ake yanka a busar.

Amfani da shi a matsayin magani ya daɗe ƙwarai, domin tun a ƙarni na farko likitan Girka Dioscorides ya ambace shi cikin tsirran magani, kuma daga baya ya yi suna a Turai wajen jinyar rauni da ƙuna.

Tambaya: Malam, ƙanena ya shafe watanni cikin damuwa, ba ya barci sosai, ya daina sha'awar komai, amma yana tsoron magungunan asibiti saboda an ce idan aka fara ba a dainawa. Wata ƙawata ta ce in saya masa wannan ganye. Da gaske yana maganin ciwon damuwa?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Tambayarki tana da amsa, amma amsar tana da rassa, kuma zai fi kyau ki ji su duka kafin ki yanke shawara.

Haifarikum yana cikin tsirrai ƙalilan da aka yi wa gwajin asibiti na gaske, irin wanda ake raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu maganin, a ba wasu ƙwayar wofi wadda ba ta ɗauke da komai, ba tare da likita ko majinyaci ya san wanda ya sami wanne ba. A 2008 masu bincike ƙarƙashin jagorancin Klaus Linde sun tattara wa ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken lafiya, irin waɗannan gwaje-gwaje guda 29 da suka ƙunshi marasa lafiya 5,489. Abin da suka gano shi ne tataccen haifarikum ya fi ƙwayar wofi tasiri, ya yi kusan daidai da magungunan damuwa na asibiti, kuma waɗanda suka daina shan sa saboda ya dame su ba su kai waɗanda suka daina na asibitin yawa ba. Wannan ba ƙaramin sakamako ba ne, kuma duk mai cewa tsiron camfi ne kawai bai yi masa adalci ba. Hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ma ta amince da wasu nau'o'in tataccensa don damuwa mai sauƙi zuwa matsakaiciya.

Sai dai masu binciken sun lura da wani abu da ya sa suka yi taka-tsantsan. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashen da ke magana da Jamusanci, inda likitoci suka daɗe suna rubuta wa mutane wannan magani, sun fi nuna nasara a kan waɗanda aka yi a sauran ƙasashe. Misalin da aka fi kawowa shi ne babban gwajin da Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka ɗauki nauyi, wanda aka wallafa a 2002. An raba mutum 340 gida uku na tsawon mako takwas: masu shan haifarikum, masu shan maganin asibiti satiralin, da masu shan ƙwayar wofi. Waɗanda suka sami cikakken sauƙi sun kai kusan kashi 24 cikin ɗari a rukunin haifarikum, kusan kashi 25 a rukunin satiralin, kusan kashi 32 kuma a rukunin ƙwayar wofi. Masu sukar tsiron sun yi ta kafa hujja da wannan gwaji, amma a ganina bai yanke hukunci a kan kowa ba, tunda maganin asibitin da aka san yana aiki shi ma bai wuce ƙwayar wofin ba a wannan ma'auni. Abin da ya nuna ƙarara shi ne wahalar auna maganin damuwa, domin kulawa da sa rai su kaɗai kan kawo wa mutane da yawa sauƙi.

Akwai kuma iyakoki uku da masu talla ba sa faɗa. Yawancin gwaje-gwajen gajeru ne, daga mako huɗu zuwa goma sha biyu, saboda haka hujjar da ake da ita a kan shan sa na shekaru ba ta da ƙarfi. Hujjar kuma ta fi ƙarfi ne a kan damuwa mai sauƙi zuwa matsakaiciya, ba mai tsanani ba. Na uku, wanda ya fi shafar ki, abin da aka gwada tataccen magani ne da aka auna ƙarfinsa a masana'anta, galibi tsakanin miligiram 500 zuwa 1,200 a rana, ba busasshen ganye da aka jiƙa a ruwan zafi ba, ba kuma duk kwalbar da aka liƙa wa sunan ba. Binciken da aka yi wa kayan da ke kasuwa ya sha nuna cewa yawan sinadaran ya bambanta ƙwarai daga wannan kamfani zuwa wancan, har an sami waɗanda aka gauraya da wasu nau'o'in tsiron ko aka zuba musu rini don su yi ja. Irin waɗannan dalilai ne suka sa hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin jinya, ta ce kada su rubuta shi ko su ba da shawarar shan sa, duk da ta yarda akwai alamun yana taimakawa.

Shawarata ita ce kada ki saya wa ƙanenki komai tukuna, ki lallashe shi ya ga likita. Dalili shi ne abin da ke kama da ciwon damuwa wani lokaci alamar wata cuta ce daban, kamar matsalar ƙwayar maƙoshi da ake kira tayiroid ko ƙarancin jini. Haka nan akwai larurar da ke sa mutum ya riƙa sauyawa tsakanin matsananciyar damuwa da matsanancin zumuɗi, kuma haifarikum na iya jefa mai ita cikin zumuɗin da zai fitar da shi daga hayyacinsa. Ki kuma kwantar masa da hankali cewa magungunan damuwa na asibiti ana daina su, sai dai a hankali ake rage su bisa tsarin likita, kuma akwai jinya ta hanyar zama da ƙwararre a tattauna, wadda ba ta buƙatar ƙwaya ko ɗaya. Idan kuwa ya taɓa furta cewa ya gaji da rayuwa ko yana tunanin cutar da kansa, to wannan ba maganar jira ba ce, a kai shi asibiti a ranar.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ina shan ƙwayoyin tazarar haihuwa, mahaifiyata kuma tana shan maganin tsinka jini. Mun yi niyyar mu riƙa shan wannan ganye don samun natsuwa. Tunda tsiro ne ba sinadarin bature ba, ai babu laifi a haɗa, ko?

Amsa: Malama, na gode da kika tambaya kafin ku fara, domin a nan ne gizo ke saƙa. Ke da Hajiya duka kuna cikin mutanen da bai kamata su kusanci haifarikum ba, kuma zan yi bayanin dalilin da ɗan tsawo saboda ya shafi masu karatu da yawa.

Duk maganin da mutum ya haɗiya, jiki yana da hanyar karya shi da fitar da shi. Babban ɓangaren wannan aiki a hanta da bangon hanji ake yin sa, ta hannun wasu sinadaran jiki da ake kira inzayim, kuma wanda ya fi kowa aiki a cikinsu shi ne mai lamba CYP3A4, wanda kaso mai yawa na magungunan zamani ke bi ta hannunsa. Lokacin da masana ke tsara yawan maganin da za a sha, sun riga sun lissafa saurin da wannan inzayim ke karya shi. Abin da haifaforin ke yi shi ne ya maƙale wa wani makunni a cikin ƙwayoyin hanta, wanda ke umartar su da su ƙara samar da inzayim ɗin, ya kuma ƙara yawan wani furotin da ke turo magani daga bangon hanji ya mayar da shi cikin hanji kafin ya shiga jini. Bayan mako guda zuwa biyu ana shan tsiron, sai jiki ya koma yana share magani da sauri fiye da yadda aka lissafa. Mutum yana shan ƙwayarsa kan lokaci, bai tsallake ko sau ɗaya ba, amma abin da ke saura a jininsa bai isa ya yi aiki ba, kamar mai ɗura ruwa a randar da ta tsage ta ƙasa. Mafi muni kuma, ba wani ciwo ko jiri da zai sanar da shi abin da ke faruwa.

Duniya ta farga da wannan ne a farkon shekarar 2000. A watan Fabrairu na shekarar mujallar likitoci ta Lancet ta buga rahotanni biyu. Na farko daga Amurka yake, inda aka ba mutum takwas masu ƙoshin lafiya indinabir, wani maganin cutar ƙanjamau, tare da haifarikum, sai yawan maganin a jininsu ya ragu da kashi 57 cikin ɗari. Na biyu daga birnin Zurik na ƙasar Suwizalan yake, a kan mutum biyu da aka yi wa dashen zuciya suna zaune lafiya, har suka fara shan tsiron. Maganin siklosporin da ke hana garkuwar jikinsu yaƙar sabuwar zuciyar ya yi ƙasa a jininsu, jikinsu ya fara ƙin zuciyar, kuma da aka dakatar da tsiron sai ma'aunin maganin ya dawo daidai. A cikin watan hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi ga likitoci. Ƙasar Ayilan kuwa tun farkon shekarar ta hana sayar da shi sai da takardar likita.

Game da ke, Malama, sinadaran da ke cikin ƙwayoyin tazarar haihuwa suna bi ta wannan hanya ce. An sami rahotannin mata da suka riƙa ganin jini a tsakiyar wata, da waɗanda suka ɗauki cikin da ba su shirya masa ba alhali suna shan ƙwayarsu daidai. A 2014 hukumar magunguna ta Birtaniya ta sake jan kunne cewa matsalar ba ta tsaya ga ƙwayoyi ba, ta haɗa har da ɗan abin da ake sa wa mace a ƙarƙashin fatar dantse, wanda ake kira ashana. Game da Hajiya kuwa, idan warfarin take sha ko ɗaya daga cikin sababbin magungunan tsinka jini, tsiron zai rage musu ƙarfi, jini ya sami damar daskarewa a jijiya, wanda shi ne ainihin abin da ake ba ta maganin don a kauce masa.

Jerin bai ƙare a nan ba. Ya haɗa da digoksin na masu ciwon zuciya, da wasu magungunan farfaɗiya, da na ciwon daji irin su irinotikan da imatinib, da sababbin magungunan ciwon hanta nau'in C, da yawancin magungunan ƙanjamau har da dolutegrabir. Ga mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau hatsarin biyu ne, domin idan magani ya yi ƙaranci a jini cutar ba dawowa kawai take yi ba, tana samun damar koyon jure wa maganin. Takardar da ke cikin kwalin maganin zazzaɓin cizon sauro mai haɗin atimita da lumefantirin ita ma ta hana haɗa shi da wannan tsiro.

Akwai kuma hatsari na wani fanni daban, inda tsiron ke ƙara wa magani ƙarfi maimakon ya rage. Haifarikum yana ƙara yawan sinadarin sirotonin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, wanda ake ganin yana daga cikin hanyoyin da yake rage damuwa. Idan aka haɗa shi da wani maganin da ke yin irin wannan aiki, kamar satiralin da fuluwokzetin da danginsu, ko taramol, ko wasu magungunan ciwon ɓarin kai, sirotonin na iya yin yawa har ya zama guba. Alamunsa su ne rawar jiki, zufa, gudawa, bugun zuciya da sauri, ruɗewa da zazzaɓi, kuma idan ya yi tsanani yana iya kai mutum kushewa. Mai juna biyu da mai shayarwa da yara su ma ba a ba su shi.

Bambancin da kika kawo tsakanin tsiro da sinadari, hanta ba ta san da shi ba. Haifaforin sinadari ne, kuma a wajen hanzarta aikin inzayim ɗin nan yana cikin sahu guda da magunguna masu ƙarfi irin su rifamfisin na tarin fuka.

Tambaya: Malam, ni ɗalibin likitancin dabbobi ne. An koya mana cewa wannan tsiro guba ne ga tumaki da shanu. Ta yaya abin da ke cutar da dabba zai zama magani ga mutum?

Amsa: Abin da aka koya maka gaskiya ne, ɗana, kuma a wannan karon laifin na jan sinadarin ne, wato haifarisin. Idan dabba ta ci tsiron da yawa, sinadarin yakan shiga jini ya isa fata, kuma da hasken rana ya sauka a kansa sai ya haifar da wani nau'in iskar oksijin mai ƙona ƙwayoyin jiki. Shi ya sa illar ta fi bayyana a inda fata take fara ko ba gashi, kamar kunnuwa da hanci da kewayen ido da hantsa. Wurin yakan kumbura, ya yi ƙaiƙayi, ya saɓule, dabbar ta daina kiwo tana neman inuwa, ta rame, nononta ya ragu.

Makiyayan jihar Kalifoniya ta Amurka sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun wannan tsiro. An fara ganin sa a arewacin jihar wajen 1900, kusa da kogin Klamath, kuma kafin tsakiyar shekarun 1940 ya mamaye makiyaya fiye da eka miliyan biyu. Abin da ya kawo ƙarshen matsalar wani ƙaramin ƙwaro ne dangin buzuzu mai suna Chrysolina, ɗan asalin Turai, wanda aka shigo da shi ta Ostareliya aka saki a tsakiyar shekarun 1940. Ƙwaron da tsutsarsa ganyen haifarikum suke ci, kuma cikin kusan shekara goma suka rage tsiron zuwa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Makiyayan sun ji daɗi har suka kafa wa ƙwaron allon tunawa a garin Yureka. Har yau ana koyar da wannan labari a matsayin ɗaya daga cikin manyan nasarorin yaƙi da ciyawa ta hanyar amfani da ƙwari.

Amsar tambayarka tana ga yawan abin da aka ci. Tunkiya tana kiwon tsiron ne kwana da kwanaki, mutum kuwa abin da yake sha bai fi giram guda ko makamancinsa na tataccen magani a rana ba. Duk da haka mutum bai kuɓuta gaba ɗaya ba, domin masu farar fata da masu shan sa da yawa sukan sami ƙunar rana cikin sauƙi. Wani gwaji da aka wallafa a 1999 ya nuna iyakar abin. An ga haifarisin yana kashe ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji, sai aka ba wasu masu ɗauke da ƙanjamau shi da yawa da fatan zai yi musu magani. Kusan rabinsu suka sami mummunar ƙunar fata, da yawa suka janye daga gwajin, kuma ba a ga ya rage ƙwayar cutar a jininsu ba.

Tambaya: Na ga ana sayar da jan man wannan fure na shafawa, an kuma ce masana na binciken tsiron a kan ciwon daji da ƙwayoyin cuta. Mene ne ingancin wannan magana?

Amsa: Jan man ana samun sa ne ta hanyar jiƙa ɗanyen fure a cikin man zaitun ko wani man tsiro na wasu makonni har ya rine. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta sa shi a rukunin magungunan gargajiya da aka daɗe ana amfani da su don ƙananan raunuka da ɗan kumburin fata. Ka lura da cewa wannan rukuni ya dogara ne ga daɗewar amfani ba tare da an ga babbar illa ba, bai kai matsayin abin da manyan gwaje-gwaje suka tabbatar ba. Shafawa ba ta kai sha hatsarin karo da magunguna ba, tunda kaɗan ne ke ratsa fata, amma a kare wurin da aka shafa daga rana mai zafi, kuma kada a zuba shi a rauni mai zurfi ko mai ruwa ko ƙuna mai faɗi.

Batun bincike kuwa gaskiya ne, sai dai a bambance abin da aka gani a kwanon gwaji da abin da aka gani a jikin majinyaci. A 1999 masu bincike a Jamus sun nuna cewa haifaforin yana hana ƙwayar cutar Staphylococcus aureus yaɗuwa a ɗakin gwaji, har da nau'inta mai jure wa magunguna, amma hakan bai zama maganin da likita zai rubuta wa mai cutar ba. Ɗaya daga cikin matsalolinsa shi ne sinadarin ba ya jure haske da iska, yana lalacewa da wuri. Inda aka fi samun ci gaba, abin mamaki, shi ne a wannan ɗabi'a ta haifarisin da ke ƙona fatar tumaki. Masana sun haɗa shi a masana'anta suka yi man shafawa da shi, ana shafa shi a kan tabon wani nau'in ciwon daji na fata, sannan a haska masa fitila ta musamman don ya kashe ƙwayoyin da suka lalace a wurin kaɗai, kuma wannan hanya ta kai matakin manyan gwaje-gwaje a kan marasa lafiya. Wannan ba ya nufin shan ganyen yana maganin ciwon daji. Mai shan maganin ciwon daji ma shi ne ya fi kowa buƙatar nisantar sa, saboda dalilin da muka bayyana a sama.

Wani fannin da nake ganin ya cancanci a sa masa ido shi ne tataccen maganin da aka rage wa haifaforin sosai, domin an nuna cewa karonsa da sauran magunguna ya ragu ƙwarai, kuma wasu gwaje-gwaje sun nuna yana taimaka wa masu damuwa duk da haka. A ɗaya ɓangaren, an gwada tsiron a kan daina shan taba, da larurar rashin natsuwa ta yara, da ciwon murɗawar hanji mai yawan dawowa, kuma bai fi ƙwayar wofi ba.

Tambaya: Malam, na riga na yi wata biyu ina shan sa tare da magungunan da asibiti suka ba ni. Yanzu yaya zan yi?

Amsa: Kada ka firgita, ɗan'uwa, kuma kada ka yanke shi dare ɗaya kai kaɗai. Ka ɗauki kwalbar da duk magungunan da kake sha ka kai wa likitanka ko mai harhaɗa magunguna cikin kwanakin nan, ka faɗa musu ranar da ka fara da yawan da kake sha. Dalilin da ya sa ba a so ka daina ba tare da saninsu ba shi ne, idan an riga an ƙara maka yawan wani magani a cikin wata biyun nan saboda an ga ba ya kama ka, to da ka bar tsiron hantarka za ta koma saurinta na da cikin kusan mako biyu, maganin ya taru a jininka fiye da kima. Wannan ya fi shafar masu shan warfarin da digoksin da siklosporin, waɗanda sai an riƙa auna jininsu a lokacin sauyin. Wasu kuma sukan ji jiri ko tashin zuciya ko rashin barci idan suka yanke shi farat ɗaya, shi ya sa aka fi son a rage shi sannu a hankali. Mace mai shan ƙwayoyin tazarar haihuwa ta ƙara da wata hanyar kariya har tsawon mako huɗu bayan ta daina. Idan kuma an sa maka ranar tiyata, ka sanar da likitan da zai ba ka maganin barci tun da sauran lokaci, domin yawanci ana so a dakatar da tsiron kusan mako biyu kafin ranar.